Ƙafar da Baba Ya Sassaƙa

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Na san za ki ce da sauƙi, ko da kuwa da rarrafe kike shiga shago. Mu nan lafiya lau, sai tari da ya kama 'yar ƙaramarmu, shi ma ya fara sakinta. Matata tana gaishe ki, ta ce in tuna miki ziyarar da kika yi mata alkawari tun tana amarya.

Ga takalmana nan na ba direban da ke kawo muku fata, kamar yadda muka saba. Ƙasan na hagu ya cinye, sai a sake masa. In kuma kin ga ba zai gyaru ba, ki ɗinka mini sabo a kan ƙafata ta katako. Abokan aikina sun gaji da tambayata inda nake sayen takalmi. Nakan ce musu ba a sayen irin wannan a kanti. Ubana ne ya sassaƙa ƙafafuna da icce, mai lafiyar da mai ɗingishin, ya rataye a bangon shagonsa, kuma tun da ya rasu yayata ce take ɗinka mini a kansu. Sai su yi ta kallona, su ce wai mace ce ke ɗinkin takalmi? In ce musu ai ba ku san Yaya ba ne.

Aiki kuwa ya sha mini kai. A ofishinmu na tallafa wa ƙananan sana'o'i an ɗora mini rubuta rahoto a kan abin da ke sa arzikin ƙasa irin tamu ya bunƙasa. Manya sun fi son a ce musu manyan masana'antu. Ni da na zaga na gani da idona, sai na rubuta cewa mai walda da tela da mai gasa burodi su ne ke ɗaukar mutanen unguwa aiki. A ba su hanya mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kasuwar da za su kai kaya, a ga abin mamaki. Shugabana ya karanta ya ce na cika son talakawa. Na ce ranka ya daɗe, a cikin warin gam aka raine ni.

Shekaranjiya ma warin gam ɗin ne ya tsayar da ni a bakin hanya, wajen wani mai gyaran takalmi. Wallahi Yaya sai na gan ni a lungunmu. Ga bencin nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ga rediyon Baba da sai an mare shi yake magana, ga ƙafafun katako jere a bango, in babbar mota ta wuce su yi ta kaɗawa suna bugun juna. Ga Baba da fensir a bayan kunne, ya shimfiɗa kwali a ƙasa yana ce wa babban mutum da rigarsa: “Miƙe tsaye, ba a auna ƙafa a zaune.” Na daɗe a tsaye har mutumin ya tambaye ni ko gyara na kawo.

A gaishe mini da Dogo, tsohon yaron shagon Baba. Ki ce masa har yanzu ban yafe masa ƙusar da ya sa mini a benci ba.

Ƙaninki,
Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Takardarka ta iso, takalmanka ma sun iso, direban ya ce sai da ya sauke gilashi duk hanya saboda warinsu. Muna lafiya. Bayan nan yana nan yadda ka san shi, da shi nake kwana da shi nake tashi. Maigidan yana gaishe ka. Allah ya ƙara wa 'yar ƙarama sauƙi, ka ce wa matarka ina tafe, kada ta gaji da ni.

Na karanta wa Dogo inda ka yi maganar lungu, ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya ce a tambaye ka wane lungun kake nufi. Auta, ƙafafun katako sun daina kaɗawa, domin babu motar da ke wucewa balle ta girgiza bango. Tun da aka buɗe sabon titi aka mayar da tasha can, lungunmu ya mutu. Mai shayi ya bi tasha. Mai aski ya bi mai shayi. Tela yana nan, amma barci yake yi a kan kekensa. Wuta kuwa, in an kawo ta da safe, kafin ka gama murna an ɗauke. Tsofaffin mutanen Baba suna zuwa, Allah ya saka musu, amma tsoho takalmi ɗaya yake sawa har ya manta launinsa. Jiya wuni muka yi, ni da Dogo da masu ɗinkin nan biyu da na koya wa aiki, abin da ya shigo shi ne igiyar jakar wata yarinya.

To ga maganar da ta sa na zauna rubutu, ka san ni da biro ba ma shiri. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta gina shaguna a bakin sabon titi, da nasu taransfoma. Akwai na kan kwana, ƙofa biyu, duk wanda ya sauko daga mota sai ya gan shi. Sannan shugabar wata makaranta ta zo da kanta, ta ga takalman da na yi wa yarana, ta ce tana so in riƙa yi wa ɗalibanta duk shekara, kuma in aikin ya yi kyau wasu makarantun za su biyo baya. Da basilla da hannu ba za mu iya ba ko za mu daina barci. Sai da keken ɗinkin fata mai amfani da wuta. Shagon da keken kuma ba za su samu ba sai an sayar da na Baba. Mai sayar da siminti na maƙwabta yana so, ya ce zai mayar da shi wurin ajiya.

Takardar shagon nan sunana da naka ne a kai, ba zan iya komai ba sai ka sa hannu. Ƙungiya ta ce kafin damina ta wuce za ta rufe rabo. In ban samu ba, ban san abin da zan riƙe mutanen nan uku da shi ba, kowannensu da iyali.

Na ji daɗin rahotonka. Hanya, wuta, kasuwa. Ai kamar ka leƙo zuciyata ka kwafa. Shi ya sa ban ji nauyin faɗa maka ba, na san kai ne za ka fara cewa bismilla.

Wani abu kuma. Ƙafarka lafiya kuwa? Ka faɗa mini gaskiya, takalman nan ba sa damunka?

Yayarka


Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, yarinya ta warke sarai har ta koma makaranta. Ƙafata lafiya lau, takalma kuma ba su taɓa damuna ba. Me zai sa ƙafar da Baba ya sassaƙa ta dame ni?

Na karanta takardarki sau uku. Na farko na ɗauka wasa kike yi. Siminti, Yaya? A inda Baba ya zauna tun yana saurayi har hannunsa ya daina riƙe basilla, a nan za a jibge buhunan siminti? A bakin ƙofar nan na koyi tafiya, kina riƙe da ni, Baba yana durƙushe yana kallon yadda ƙafar hagu ke sauka don ya san inda zai ƙara mata tudu. Yaran lungu suna kirana mai ɗingishi, ya ɗinka mini takalmin da ya sa suka rasa abin faɗa. Ranar da Inna ta rasu, a ƙarƙashin bencin nan kika same ni na ɓuya cikin guntayen fata. Ni ba ni da wani gida a duniya in ba ɗakin nan ba. Inda nake yanzu haya nake yi, ko ƙusa ban isa in buga a bango ba sai na tambaya.

Kin kawo mini maganar rahoto. Rahoto daban, Baba daban. Abin da na rubuta na ƙasa ne baki ɗaya, ban rubuta don a tashi shagon ubana ba. Kuma ni na ga irin waɗannan shagunan na ƙungiya a wurare da yawa. Fenti ya yi kyau wata shida, daga nan taransfoma ta ƙone, kowa ya kama gabansa. Makaranta kuma yau shugaba ce gobe wata ce. Ki bar abin da kike da shi ki bi wanda ba ki riƙe ba?

Ƙafafun bango fa, ina za ki kai su? Kin san dokar Baba. Ƙafa ba ta sauka daga ƙusarta sai mai ita ya rasu, a naɗe a kai wa iyalinsa, ko kuma in an sallame shi. Kin tuna ɗan kwangilar nan da ya zagi Baba a gaban mutane saboda ba a gama masa aiki da wuri ba? Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Washegari ya sauke ƙafafunsa, ya naɗe a takarda, ya ba Dogo ya kai masa har gida. Mutumin ya yi ta aiko da ban haƙuri, Baba bai sake ɗinka masa ko igiya ba. Yanzu ke za ki sauke su gaba ɗaya ki zuba a buhu kamar itacen girki?

Ki yi haƙuri Yaya, ba zan sa hannu ba. Lungu zai farfaɗo, ai ba yau aka fara ba. In an matsu zan riƙa taimakawa da abin da ya samu daga albashina. A bar mini wurin nan yadda yake, in na zo hutu in same shi.

Ƙaninki,
Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba.

Takardarka ta ƙarshe ban amsa ba, domin da na amsa a ranar da ba mu sake gaisawa ba. In ka zo hutu, ka ce. Shekara nawa rabonka da hutun? Mu zauna mu yi ta gadin ƙura don wata rana ka zo ka shaƙi warin gam ka koma? Albashinka kuma ka riƙe, ba bara na ce zan yi ba, aiki nake nema wa hannuna.

Na aiko maka da saƙo ta hannun direba tun makon da takardarka ta zo. Ya rantse mini ya danƙa wa matarka hannu da hannu. Kai ɗan shagon nan ne, ka san abin da ake yi da shi, ba sai na yi maka bayani ba. Ina jira.

Ɗaya daga cikin masu ɗinkina ya tafi, ya samu aikin lodi a tasha. Ranar da zai tafi ya kasa kallon idona, ni ma na kasa riƙe shi. Shagon kan kwana kuma an ba wani mai gyaran rediyo. Ruwa ya fara ja baya.

Yayarka


Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, gwargwado.

Saƙo ya iso tuntuni. Na dawo daga aiki na tarar da shi a kan tebur, na ɗauka takalmana ne. Na buɗe, sai ga ƙafafuna na katako, duka biyun, a naɗe cikin kwali, da fensirin Baba a gefe. Babu takalmi, babu ko layi ɗaya na rubutu. Na zauna a ƙasa a wurin. Matata ta yi ta tambaya me ya faru, wa ya rasu.

Kin ce na san abin da ake yi da shi. Na sani mana, ba ni na tuna miki dokar ba? Tun da ban mutu ba, to sallamata aka yi. Ni da ɗan kwangila mun zama ɗaya. Fensirin kuma na gane, rabona ke nan daga kayan Baba, na gode. Abin da ya fi ci mini rai, na ga an lilliƙa wa ta hagun wasu guntayen fata a gefe da wajen yatsu, an ɓata aikin Baba kafin a jefo mini.

Ban rubuto ba saboda ban san da wane baki zan yi magana ba. Na sa ƙafafun a cikin akwatin tufafi. Yau wata biyu ina zuwa ofis da takalmin kanti, ɗingishin da na manta da shi tun ina yaro ya dawo, masinja har tambayata ya yi ko faɗuwa na yi.

Ban taɓa zaton magana a kan ɗaki za ta kai mu nan ba. Ke kika goye ni, Yaya. Ke kika riƙa raka ni makaranta kina jifan yaran da ke kwaikwayon tafiyata. In na yi miki laifi da na ce a'a, ai sai ki zage ni, kin iya, ba yau kika fara ba. Amma ki sauke ni daga bango?

Ki yi yadda kika ga dama da shagon. Wanda aka sallama ba shi da ta cewa.

Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta, sakarai, ɗan autan Inna,

Gaisuwa daga baya, yau ba ni da haƙurinta. Takardarka ta same ni a shago. Na karanta na ce innalillahi, na sake karantawa na fashe da dariya, daga nan kuma sai kuka. Dogo ya tsorata ya ɗebo ruwa.

Kwalin da ka ce an naɗe ƙafafun a ciki, ina fatan ba ka jefar ba. Ka je ka duba shi. Sabo ne fil, fari, na yanka shi daidai faɗin da Baba ke yankawa. Wa ya taɓa naɗe kayan sallama a sabon kwali? Ɗan kwangila a tsohuwar jarida aka kai masa nasa. Kwali da fensir, Auta! Me ake yi da kwali da fensir a shagonmu? Kai da ka rubuto mini “miƙe tsaye” da hannunka!

Amma laifina ne, na yarda. Haushi ya hana ni rubutu, na ce bari kaya su yi magana, ai ɗan gida ne zai gane. Na manta ɗan gidan ya daɗe a waje, kuma zuciyarsa a kusa take.

To bari in yi maganar da baki. Ƙafafun nan sun yi maka kaɗan. Baba ya sassaƙa su kana saurayi siriri kamar tsinken tsintsiya. Yanzu kai magidanci ne, na ga hotonka, har da tumbi. Ƙafa tana buɗewa, balle ta hagu da ke ɗaukar nauyi a karkace. Duk takalmin da ka aiko gyara nakan juya shi in duba. Fatar ta kumbura wajen ƙaramin yatsa. Ɗinkin gefe ya fashe, an sake shi da wani zare da ba namu ba. Na bana kuwa har tsaga shi ka yi ta ciki da reza don yatsunka su sami wurin numfashi. Na tambaye ka, ka ce ba su taɓa damunka ba. Ka ji tsoron Allah, Auta.

Guntayen fatar da ka ce an ɓata aikin Baba da su, ni na liƙa. Shekara da shekaru ina ƙara wa katakon faɗi a ɓoye, kaɗan-kaɗan, don takalmin ya ɗan sake maka. Yanzu babu sauran inda zan liƙa. Tun tuni ya kamata in ce maka a sake awo, na kasa. Ina tsoron ranar da zan ɗauki wuƙa in sassaƙa maka wata, ta fito ba kamar ta Baba ba. Kai kana can kana cije baki, ni ina nan ina liƙe-liƙe, kowa yana lallaɓa katako. Da takardarka ta zo kana cewa a bar maka komai yadda yake, ga takalminka tsagagge a cinyata, sai na ce yau dai ya isa. Na hau benci na sauke su da kaina, don ka gwada da ƙafarka ka gani da idonka.

Kana tsammani ni ba na jin ɗakin nan? Kai kana tuna shi, ni a ciki nake wuni. Har yanzu ban zauna a kujerar Baba ba, a gefe nake zama. Wani lokaci in Dogo ya yi tari a bayana sai in waiwaya, in ɗauka Baba ne. Ranar da mai siminti ya shigo yana auna bango da taku, fita na yi na bar masa wurin don kada ya ga fuskata. Kuma abin da ka faɗa game da shagunan ƙungiya bai wuce ni ba, na kwana ina juya shi. Na je na tambaya, na sa sun nuna mini wanda zai riƙa kula da taransfomar, na kuma ce wa shugabar makaranta sai dai mu yi a rubuce. Ta yarda. Wannan kai ka koya mini. Duk da haka ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ka manta wani abu, ko kuma ba ka da wayo lokacin. Baba ba a lungun nan ya fara ba. A gindin bishiya ya fara, bakin tsohuwar kasuwa, da akwati ɗaya. Da aka kawo tasha nan ya tattara ya biyo mutane, Inna tana faɗa tana cewa zai kashe su da haya. Ita ta ba ni labarin. Ƙafafun bango kuwa babu wanda zai zuba su a buhu. Dogo ya ce shi zai ɗauke su da hannunsa, kowace da ƙusarta.

“Yi yadda kika ga dama” ba sa hannu ba ne, kuma ko da shi ne ba na so. In ba ka yarda da zuciya ɗaya ba, mu zauna a lungu har Dogo ma ya tafi, in rufe ƙofa in kawo maka makulli. Saura shago ɗaya a can, na baya, kusa da masu walda. Ƙarshen watan nan za a rufe.

Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ka aiko mini da awon. Ƙanina ba zai yi yawo da takalmin kanti ina raye ba.

Yanzu gaisuwa. Muna lafiya. A gaishe da matarka, ka ba ta haƙuri a kan firgitar da muka yi mata.

Yayarka


Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa, da kunya. Muna lafiya.

Kwalin yana nan. Matata ce ta ajiye shi a bayan kabad, ta ce ya yi kyau da yawa a jefar. Da na karanta mata takardarki ta riƙe baki, sannan ta ce dama ta gaji da dafa ruwan zafi kullum yamma ina jiƙa ƙafa ina cewa gajiya ce. Ashe kowa ya sani sai ni da nake ganin na iya ɓoyo.

Na zauna a kujera na ɗora ƙafa zan zana da kaina, sai na ji muryar Baba a kunnena. Na miƙe tsaye. Matata ta durƙusa da fensirin, yara suna kewaye da mu suna dariya wai babansu zai shiga aji ɗaya. Fensirin yana bin gefen ƙafata yana yi mini cakulkuli, daidai yadda yake yi a da. Na ɗaga kai sama don kada yara su ga idona.

Da ta gama na ɗauko ƙafar katakon na ɗora a kan zanen. Yaya, layin ya fita ta ko'ina. Ta hagu har yatsana na sa a tsakanin katakon da layin, ya shige. Na daɗe ina kallo. Duk shekarun nan a cikin wannan nake cusa ƙafata, ina ce wa mutane babu takalmi irin nawa.

Ga kwalin nan, ga kuma takardar yarda, na sa hannu a gaban shaidu a ofis, da zuciya ɗaya. Na ba direba duka, na kuma ce masa in ya tsaya shan shayi a hanya Allah ya isa. Ki yi mini alfarma biyu. Bencin nan mai gajeriyar ƙafa a tafi da shi. Sannan kafin mai siminti ya karɓi makulli, ki zauna a kujerar Baba ko sau ɗaya ne.

Tsofaffin ƙafafun zan riƙe. Na tambayi mai gidan da nake haya, ya ce in buga ƙusata. Fensir kuma na dawo miki da shi, a wurinki yake da aiki.

Ƙaninki,
Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Muna lafiya, sai gajiya. Saƙo ya iso ana saura kwana kaɗan a rufe. Mun samu na bayan. Ƙarar masu walda kamar za ta tsaga kai, ƙofa ɗaya ce, rana kuma tana dukanmu da yamma. Amma wuta ba ta ɗauke ba tun da muka shigo, keken yana gudu har Dogo yana jin tsoronsa, yana ce masa ranka ya daɗe. Wanda ya tafi lodi ya leƙo jiya, ya tsaya yana shafa fata, na ce masa in ya gaji da buhu ya san hanya.

Na zauna a kujerar. Ba zan ba ka labari ba, ka bar ni da abina. Ranar da muka kwashe, tela ya farka ya taya mu ɗaukar benci, muka rufe ƙofa, ban waiwaya ba sai da muka sha kwana.

Ƙafafun duk sun hau sabon bango. In tirela ta wuce a titi sai ka ji suna bugun juna, ranar farko ni da Dogo muka tsaya cak muna saurare.

Taka na sassaƙa. Sau biyu ina ɓata icce, na uku ya yi. Ba ta kai ta Baba kyau ba, wajen dunduniya akwai inda wuƙa ta zame. Na rataye ta a ƙusar farko, kusa da ƙofa.

Takalmanka suna hannun direba. Ka sa su ka yi tafiya mai nisa, ka hau bene ka sauko. In sun matse ka, Auta, wannan karon ka faɗa.

Yayarka